Katin da Aka Rubuta a Bakin Tasha

Shekara uku ke nan Mato bai yi wa ƙanensa Manzo magana ba, in ban da gaisuwa. Gaisuwar ma irin wadda ake yi wa baƙo a kasuwa ce: "Lafiya lau," ya kau da kai ya wuce. Ga shi kuwa gidajensu a Garin Barmo, gabas da Gangara cikin ƙasar Damargu, danga ɗaya ce ta raba su, in ɗaya ya yi tari ɗayan yana ji. Uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen gari sun sa baki har sun gaji, don ba faɗa aka yi ba balle a yi sulhu. Wa za ka ba haƙuri alhali babu wanda ya zagi wani?

Manzo dai ya san mafarin abin, da shi yake kwana da shi yake tashi. A daminar tamanin da huɗu ruwa biyu aka yi, sama ta ɗauke. Gero ya tsaya iyakar gwiwa ya ƙone. Mato manomi ne, amma ransa yana wurin shanunsa, su ashirin da bakwai, kowace da sunanta, ga matarsa Tabawa da ciki. Wata rana da hantsi ya zagayo dangar nan ya zauna a ƙofar Manzo. Shi ne babba, amma Manzo ne ya yi lakkwal, wato makarantar boko, shi ke koyar da manya karatu a rumfar yaƙi da jahilci, shi ke da rediyo. A ƙauye kuwa mai rediyo da alƙalami, ko kazarka ce ta ƙi ƙwai sai an ce ka je ka tambaye shi.

Mato ya ce, "Manzo, mu tashi ko mu zauna?"

Manzo ya ce a dakata. Ya ce ya ji an yi ruwa a gabas, ya ce Damargu ba ta yanke ƙauna da hadari a watan takwas, a jira a ga watan tara. Da zuciya ɗaya ya faɗa, da muryar nan ta malamai wadda ba ta barin wurin musu. Mato ya daɗe a zaune, sannan ya ce to, ya tashi.

Watan tara ya zo da rana zalla. Ko da Mato ya kora shanu ya nufi kudu, rabinsu sai an sa sanda an ɗaga su suke tashi. Ya yi ta barin su ɗaya bayan ɗaya a bakin hanya. Tabawa ta ƙi zama, ta bi shi a kan jaki. Kafin su kai Bakin Birji naƙuda ta kama ta ba lokacinta ba, a gindin wata aduwa, babu ungozoma babu ruwan kirki. Nan aka rufe ta, ita da abin da ke cikinta. Mato ya dawo gida da jaki da igiya a kafaɗa, tun daga ranar bakinsa ya mutu a kan ƙanensa.

Babu abin da Manzo bai gwada ba. Ya aika da tuwo, aka ci aka mayar da kwano a wanke. Ya shiga gonar Mato ya yi yini yana noma, Mato ya ce Allah ya saka, kamar yadda ake ce wa ɗan ƙodago. Sau biyu ya tare shi a hanyar masallaci zai ce "Yaya, ka yafe mini," sai Mato ya riga shi da "Lafiya lau." Abu ɗaya Manzo yake so a duniya: wansa ya daina ganin shi ne ya kashe Tabawa, ya dawo ya zauna a ƙofarsa kamar da. Da baki ya gaza, sai ya koma ga abin da ya iya, wato wasan mararraba.

Wanda bai zauna Damargu a shekarun nan ba sai an yi masa bayani. Malam Lawali ne ya ƙago wasan, wani tsohon malamin lakkwal da ya ajiye aiki a Tanut. Ya lura gyangyaɗi magidanta ke yi a kan "ba, be, bi," sai ya samo kwalayen sukari ya yanka su kati-kati, ya sa wa kowane lamba, ya rubuta guntun labari a kai. A ƙasan kowane kati akwai zaɓi: in za ka bi ta rijiya ɗauki kati na biyar, in ta kasuwa za ka bi ɗauki na tara. Sai ga dattawa masu furfura suna neman shaƙe juna a kan ko a buɗe wa baƙo ƙofa ko a ƙi, kuma ba su ankara ba sun karanta kati goma. Tun saba'in da shida, kowace shekara in karatun rani ya ƙare, malaman rumfuna na Gangara da Olelewa da Belbeji da Tanut kan taru a yi gasa. Mai labari ba ya buɗe baki. Wani ɗalibi na wata rumfa ke karantawa. Mai zaɓen hanya, wanda ake kira jagora, daga garin mai labari yake fitowa, amma dole ya zama bai iya karatu ba don kada ya saci kallon kati, kuma sai ya rantse bai taɓa jin labarin ba. Tafiya uku yake da ita. In ya halaka ya koma kati na ɗaya.

Manzo ya sha shiga gasar da labaran ban dariya, na ɓarawon raƙumi da na mai kiɗan da ya rasa garin biki, sau biyu yana zuwa na uku. A tamanin da bakwai bai rubuta abin dariya ba. Rani guda ya yi yana bin waɗanda fari ya kora suka dawo, da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, a aljihu. Ya zauna da wanda ya tashi kudu tun da wuri, da wanda ya bi kwarin Tarka yamma, da wanda ya yi gabas ta Olelewa. Ya rubuta sunayen rijiyoyi, da inda ciyawa ta ƙare, da inda aka binne wa. Bai ƙara gishiri ko a kati ɗaya ba. Sai dai a faɗi gaskiya, in ya ci karo da wanda ya tsira da 'yan shanunsa, bik ɗinsa ba ya saurin rubutu.

Kati arba'in ya tara. Na farko yana cewa kai manomi ne mai shanu da mace mai ciki, ruwa ya ɗauke, za ka zauna, ko kudu, ko yamma, ko gabas? Kowace hanya ka bi, komai wayonka, ƙarshenta kabari ne da igiya a kafaɗa. Dabarar Manzo ita ce Mato ya zama jagora. Ya zaɓi hanya da bakinsa, a gaban jama'a, sau uku, ya ji da kunnensa cewa ko da ya tashi tun ranar, babu inda zai bi ya fita.

Saura mako guda a yi gasa ya kai katunan Tanut a duba, kamar yadda aka saba. Malam Lawali ya baza su a tabarma, ya sa tabarau, ya yi ta bin lamba da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a gero. Ya bi, ya dawo, ya sake bi. Can ya ɗago.

"Malam Manzo, ina ƙofar?"

"Wace ƙofa, Malam?"

"Ta fita. Na bi duk hanyoyinka, kowace kabari."

"Haka shekarar ta kasance, Malam. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Tsohon ya cire tabarau. "Na san yadda ta kasance, ni ma na rufe nawa. Amma ƙa'ida tun farko ita ce kowane labari ya zama da hanyar tsira ko da ɗaya ce. Ka sa mutum ya yi ta zaɓe alhali babu abin zaɓa, wannan ba wasa ba ne, zalunci ne. Allah ma bai rufe wa bawa ƙofa duka ba, kai wane ne? Ka buɗe ɗaya, ko ka kwashe kayanka."

Manzo ya roƙa, tsohon ya ƙi. Ya fito ransa a ɓace ya nufi tasha, kamyon Gangara kuwa, babbar motar da zai hau, bai cika ba. Ya zauna a bencin mai shayi yana juya abin. In ya sa tsira a kudu ko yamma ko gabas, Mato zai iya faɗawa kanta, aikin rani guda ya zama wuƙa a wuyansa. Sai ya tuna arewa. Wane mai hankali zai kora shanu arewa a shekarar fari, ya bar inda ake sa ran ciyawa ya nufi rairayi? Ko ɗaya daga cikin waɗanda ya tambaya bai yi can ba, shi kansa bai taɓa wuce Aderbisinat ba. Ya roƙi mai shayi kwalin sukarin da ya ƙare, ya ari wuƙar burodi ya yanka kati biyu, ya ɗora a gwiwa ya hau rubutu.

Ya ƙago wani kwari a bayan tuddan rairayi inda ruwa ɗaya ya sauka babu wanda ya sani. Ya ƙago rijiya, ya ƙago wani Buzu mai karamci da ya raba musu nono. Matar ta sauka lafiya. Da damina ta kewayo suka dawo da shanu goma sha tara. Kafin shayinsa ya huce ya gama. Abin haushi kuwa, a duk rubutun da Manzo ya yi a rayuwarsa babu wanda ya kai katunan nan biyu daɗi, don abin da zuciyarsa ta shekara uku tana so ne ya zubo. Ya ƙara layi ɗaya a ƙasan kati na farko: in arewa za ka yi, ɗauki na arba'in da ɗaya. Ya koma da sauri wurin Malam Lawali. Tsohon ya karanta ya ce, "Yauwa. Ka ga ai ba ta ci ka ba."

Maigari Tanko ne ya shawo kan Mato. Ya ce masa Garin Barmo bai taɓa ɗauko na ɗaya ba, jagora kuma sai mai nutsuwa, ba irin Ɗanmalam, jagoransu na bara, da ya jefa su rijiya sau uku ba. Mato ba ya musu da maigari. Ranar tafiya kamyo ɗaya suka hau shi da Manzo, ɗaya a gaba kan buhuna ɗaya can baya.

An yi gasar da safe a filin gidan samariya na Tanut, ƙarƙashin wata doguwar rumfa, alƙalai uku a bayan tebur, har da Malam Lawali. Mutanen Olelewa suka fara da labarin mai neman aure da jaki mai gardama, jagoransu ya ƙare a ramin marina har sau biyu, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Sai aka kira Garin Barmo. Mato ya fito ya rantse, ya zauna a kujerar jagora yana duban ƙasa. Mai karatu wata Rahamatu ce daga Belbeji, mai sayar da fura, wadda ta koyi karatu da girmanta, tana bin baƙi da yatsa amma ba ta tuntuɓe. Manzo yana gefe a kan benci, hannunsa a tsakanin gwiwoyi.

Rahamatu ta karanta, "Kai manomi ne a Damargu. Kana da shanu, kana da mace mai ciki. An yi ruwa biyu, sama ta ɗauke."

Dariyar da ta rage a rumfar ta mutu nan take. Babu wanda ke zaune a wurin da bai san shekarar ba. Mato ya ɗago kai sannu a hankali, ya gane inda aka kawo shi. Manzo ya ɗauka zai tashi ya fita. Bai tashi ba. Ya saurari hanyoyin nan biyar har ƙarshe, ya ce, "Kudu. Yau ɗin nan, ba sai gobe ba."

Ya bi kudu da sanin makiyayi. Aka ba shi zaɓi tsakanin babbar hanya da ta daji, ya ɗauki ta daji. Aka ce ya sayar da bijimai biyu ko ya riƙe, ya sayar. Duk da haka kati na goma sha huɗu ya kai shi iyakar ƙasa ya tarar a rufe, shanun duniya sun taru wuri ɗaya sun cinye har saiwa, ciwo ya shiga garke. Matar ta rasu a wata rumfar kara. Rahamatu ta ce, "Ka dawo gida da igiya. Koma kati na ɗaya." Wata tsohuwa a baya ta fashe da kuka, aka riƙe ta.

Mato ya ce, "Yamma."

Ya gangara kwarin Tarka. Ya tarar da layi a bakin rijiyoyi, kwana uku kafin gugansa ya taɓa ruwa. Rahamatu ta zo kan sunan wata rijiya ta garinsu ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. Nan ma kabari ne. Da ta ajiye katin, Mato ya juyo ya dubi ƙanensa ido da ido, abin da bai yi ba shekara uku, kuma babu fushi a fuskar. Manzo ya ji numfashinsa ya sauka har ciki. Saura gabas, in ya bi ta shi ke nan, magana ta ƙare.

Jama'a ma gabas suke kira. "Olelewa, Baba! Bi ta Olelewa!" Malam Lawali ya buga tebur aka yi shiru. Mato yana murza gefen rigarsa.

Ya ce wa Rahamatu, "'Yata, ƙara karanta mini ta ƙarshen nan."

"In arewa za ka yi, ɗauki na arba'in da ɗaya."

"Arewa."

Rumfa ta ɗauki gunaguni, wani ya ce tsoho ya gaji yana so a tashi. Manzo ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Malam Lawali ya nuna masa benci da yatsa, mai labari ba ya magana. Ya koma ya zauna.

Rahamatu ta ɗauki katin. Ta karanta tafiyar kwana tara a rairayi, ta karanta tudu na ƙarshe, da kwarin da ya buɗe a bayansa kore shar. Muryarta ta fara tashi. Ta karanta rijiya, da Buzun da ya fito da ƙwaryar nono. Ta ɗauki na arba'in da biyu. "Matarka ta sauka lafiya. Ranar suna ka yanka rago. Da damina ta kewayo kun dawo gida da shanu goma sha tara." Wata mata ta rangaɗa guɗa, rumfa ta kaure da tafi, maza suna share ido da bakin rawani. Mutanen da suka rufe 'ya'yansu a hanya suna murna wani ya tsira, ko da a kwalin sukari ne.

Mato kaɗai bai yi tafi ba. Ya jira hayaniya ta lafa ya ce, "Me ta haifa?"

Rahamatu ta duba katin. "Mace, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya tashi ya ratsa mutane ya fita. Alƙalai ba su ko yi shawara ba suka ba Garin Barmo na ɗaya, amma maigari Tanko ne ya karɓi kyautar, don an nemi Manzo an rasa.

A bayan katangar gidan samariya ya same shi, zaune a ƙasa cikin 'yar inuwa. Manzo ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, wannan ta arewa ƙarya ce. A bakin tasha na rubuta ta, kan bencin mai shayi. Malam ne ya ce sai na buɗe ƙofa ɗaya."

Mato bai nuna ya ji ba. Ya ce, "Ka san Agali?"

"Buzun nan da ke kawo maka gishiri?"

"Kwana biyu kafin in zo ƙofarka ya sauka gidana. Ya ce an yi ruwa ɗaya a wani kwari bayan Aderbisinat, akwai rijiya, danginshi suna can. Ya ce in kora in bi shi. Tabawa ta ce mu bi shi. Har ta ɗaure kayanta."

Manzo ya ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya. Na zo da maganar a bakina. Na ga rediyo, na ga takardu, na ce ni babba in kawo zancen mai raƙumi gaban mai ilimi, ƙanena ya yi mini dariya? Na haɗiye. Na koma na ce mata ta kwance kaya." Sannan ya ce, "Kana tsammani fushi nake da kai. Wallahi ban taɓa riƙe ka ba, Manzo. Duban ka ne ba na iyawa, in na dube ka sai in tuna maganar da na haɗiye. Agali bai sake dawowa ba. Shekara uku ina gaya wa kaina rairayi ya cinye shi, da mun bi shi da mu ma mun mutu. Da wannan nake samun barci."

"To haka ne ma, Yaya! Mai yiwuwa haka ne! Ni ban san komai a kan arewa ba, da kaina na ƙaga."

"Kwari da rijiya da ruwa ɗaya. Yadda Agali ya faɗa, haka yarinyar nan ta karanta. Ta ina ka sani in ba wani ya gaya maka ba?"

Ta yaya Manzo zai fahimtar da shi cewa duk wanda aka ce ya ƙago tsira a shekarar fari, kwari da rijiya zai ƙago? Ya yi ta rantsuwa. Mato ya bar shi ya gama.

"To ta kudun fa? Da ta yamma? Su ma a bakin tasha?"

"A'a, waɗannan gaskiya ne, daga bakin mutane na ji."

"Hannu ɗaya ya rubuta, kwali ɗaya, gaban alƙalai ɗaya aka karanta. Wannan gaskiya, wancan ƙarya. Ni ban yi lakkwal ba, amma kar ka lallashe ni kamar yaro. In ƙarya kake rubutawa, to duka ƙarya ne, ka tara mutane ka sa su kuka a banza. In gaskiya kake rubutawa, ka bar ni da gaskiyata."

Manzo ya je ya janyo Malam Lawali. Tsohon ya zo da sandarsa, ya tsuguna, ya shaida cewa ranar da aka kawo masa katunan babu hanyar arewa, a cikin sa'a ɗaya aka ƙara ta. Mato ya saurare shi da ladabi ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri." Kowa ya ga bai yarda ba, ya ɗauka tausayinsa ake ji. Malam Lawali ya tashi da ƙyar, ya kasa duban Manzo. Kafin su hau kamyo Mato ya miƙa hannu ya ce a ba shi kati na arba'in da biyu. Manzo bai da fuskar hanawa.

Garin neman gira aka rasa ido, in ji masu magana, kuma Manzo ya ga ma'anarta a gida. Damina ta zo mai kyau a shekarar, Mato ya shuka rabin gonarsa ya bar rabi. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bai sake zancen sayen saniya ba, bai saurari masu yi masa zancen aure ba. Manzo bai ƙara shiga gasar mararraba ba. Sauran katunan ya zuba su a murhu da hannunsa, amma wanda ya kamata ya ƙone ba ya wurinsa.

Mutanen gari kuwa murna suke yi, wai 'yan'uwa sun shirya. Suna da hujja, don kusan kullum bayan la'asar sai a ga Mato ya zagayo ya zauna a ƙofar Manzo. Yakan tambayi lafiyar iyali, ya yi zancen gero kaɗan. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙyalle, ya warware shi a hankali, ya miƙa katin da gefensa ya fara laushi.

"Karanta mini."

Da farko Manzo yakan ce, "Yaya, na gaya maka," sai Mato ya tsaya yana jira, hannunsa a miƙe, har sai an karɓa. Daga baya Manzo ya daina cewa komai. Ya haddace katin, amma dole ya riƙe shi ya dube shi, don in ya ɗauke ido Mato yakan ce ba daga ka yake so ba, daga takarda.

Wata ranar Laraba, bayan an kai amfanin gona gida, Manzo ya karɓi katin zai fara, sai Mato ya taɓa masa gwiwa.

"In ka zo wurin matar, ka faɗi sunanta."

Manzo ya dubi wansa. Ya so ya ƙi, ya so ya yaga kwalin nan ya rungume shi su yi kukan da ba su yi tare ba. Mato yana dubansa kamar mai roƙon ruwa. Manzo ya sunkuyar da kai kan rubutun hannunsa.

"Tabawa ta sauka lafiya," ya karanta, sannan ya maimaita. "Tabawa ta sauka lafiya. Mace ta haifa. Ranar suna ka yanka rago."

Mato ya rufe ido yana gyaɗa kai. Da aka kai ƙarshe ya ce a koma daga farko.